Rufin Kumbo da Rufin Mai Jego

Tunda na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan biki tambaya, a bakin famfo tambaya, har a wajen ta'aziyya sai wata ta matso ta raɗa mini, wai da gaske ne na ga inda ake tashi zuwa duniyar wata? Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin ƙiba yake yi a bakin mutane, don ranar kasuwa na ji an ce har cikin kumbon aka shigar da ni aka zaunar. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru. Na tsufa ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke tsakanin Tofa da Bagwai, rubutu ba zai gagare ni ba.

Dalilin tafiyar dai 'yata Auta ce, Rabi'atu. Tana aure a Amurka, a jihar Florida, ga cikin fari ya tsufa. Da a ce nan take, gida za ta zo goyon ciki, to takardunta ba su ba ta damar fitowa ba, sai aka ce ni in je. Mijinta ɗan gidan Alhaji Kyari ne na Dawakin Tofa, Barebarin nan da suka daɗe da zama Kanawa. Injiniya muke ce masa. Yana aiki da wani kamfani mai kwangila a tashar da ake harba kumbo zuwa sama, kuma mahaifinsa ya cika majalisar ƙofar gidansa da zancen, har wasu sun ɗauka yaron ne ke tuƙa kumbon da hannunsa. Daga baya na gane aikinsa gini ne da rufi, kamar dai kowane injiniyan gini.

Wahalar ta fara tun daga Abuja wajen neman biza. Wata yarinya da ba ta kai ɗiyata ba ta zauna a bayan gilashi tana tambayata me zai dawo da ni gida idan sun bar ni na shiga ƙasarsu. Na ce mata ina da gonar dawa, da awaki, da jikoki, ga kabarin mijina. Ta buga mini hatimi. Ranar tafiya maƙwabciyata Saratu, matar limamin cocin unguwar gabas, ta kawo mini daddawar da ta haɗa da kanta. Na haɗa da kuka, kuɓewa busasshiya, gero, kanwa, yaji da kilishi. Babur ya kai ni bakin titi, mota ta kai ni Kano, jirgi ya kai ni Legas, daga nan kuma na daina sanin rana ta fito ko ta faɗi. A jirgi an kawo mini wani abu a kwanon leda, ganye ɗanye da farin abu a kai. Na mayar da murfinsa na ci dabinona.

Da muka sauka, kare ne ya fara tarbata. Wani ma'aikaci ya riƙe shi da igiya, ya zo ya sa hanci a jakata ya zauna. Suka kai ni wani ɗaki suka zazzage kayan. Kilishi suka jefa a kwandon shara ina kallo. Daddawar Saratu kuwa, matar da ta kwance ƙullin sai da ta ja da baya ta toshe hanci, suka yi ta juya ta da sanda kamar mushe, ƙarshe suka bar mini. Kanwa ce ta so ta ɗaure ni. Sun ga farin abu dunƙule-dunƙule, suka kira wani babbansu, aka kawo na'ura. Na yi musu bayani da Turancin ajin firamare cewa kunun mai jego ake yi da ita, ba su gane ba, sai na gutsura na sa a baki. Babban ya daka mini tsawa in tofar. Da na'urar ta gama nuna musu gishirin ƙasa ne, ko haƙuri ba wanda ya ba ni.

Gidan Auta daga waje gwanin sha'awa, ga ciyawa an aske ta kamar kan ango. Da na shiga na ƙwanƙwasa bango, sai na ji ya amsa kamar ganga. Katako ne da wani allo mai kama da kwali, an shafe da fenti. Na tambayi Auta ina tubalin, ta ce haka ake gini a nan. Unguwar kuwa ba ka jin motsin kowa. Mutum zai fito daga cikin gida a mota, ya dawo ya shige da motar har ɗaki, ƙofa ta rufe kanta. Na gaida wani dattijo da ke jan karensa, karen ne ya waiwayo. Mutum ɗaya na samu a layin, wata tsohuwa baƙar fata mai suna Odet, mutuniyar wani tsibiri ce, Turancinta bai fi nawa ba, saboda haka muka fahimci juna. Ita ce ta sunsuna daddawa ta ce tana tuna mata da kakarta.

Ban jima ba aka fara zancen guguwa a talabijin. Tana can tsakiyar teku suke nuna hotonta tana juyi, har suna suka raɗa mata, sunan mace, suna cewa ta ƙara ƙarfi, ta karkata, ta nufo mu, sai ka ce wata baƙuwa mai daraja. Muka je kanti muka tarar an kwashe ruwan gora da burodi, manyan mutane suna ture juna a kan takardar banɗaki. Maƙwabta suka fito da alluna suna toshe tagogi, ranar na fara ganin fuskokinsu.

Injiniya kuwa ba ya gida. Tun asuba yake fita, suna can suna ɗaure kayan tasha, suna jibge buhunan yashi a bakin ƙofofi. Kumbon da za a harba har an kai shi bakin teku an tsayar, sai da suka sake jawo shi a hankali suka mayar cikin wani ƙaton gini suka kulle. Rannan ya dawo da rana tsaka ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce an zaɓe shi cikin waɗanda za su kwana a tashar har guguwa ta wuce. Yana faɗa yana murmushi, wai ba kowa ake zaɓa ba. Na dubi Auta da ke zaune ƙafafu a kumbure, watan haihuwarta ya kama. Kunyar suruki ta hana ni magana. Ya ɗauki jakarsa ya ce in sha Allahu ba abin da zai faru, likita ya ce da saura. Tagoginmu ko allo ɗaya bai buga ba. Odet da mijinta, tsoho mai ciwon gwiwa, su suka buga mana.

Washegari 'yan sanda suka zagaya da lasifika kowa ya bar unguwar, don ruwan teku zai iya hawowa. Odet ta ɗauke mu a motarta zuwa wata makaranta can cikin tudu. Tafiyar da ba ta fi daga nan zuwa Kano ba ta cinye mana wuni, motoci sun cushe kamar ranar hawan Arfa. A makarantar aka shimfiɗa mana gadaje a babban ɗakin wasanni, maza da mata haɗe, a ɗakin da ke kusa kuma karnuka da kyanwoyi, kowanne da bargonsa da kwanonsa. Wata mata ta wuni tana kuka, na ɗauka ɗanta ta baro, ashe akunta ne ya ƙi cin abinci. Na nemi lungu na kafa zani na yi mana labule.

Washegari da hantsi iskar ta iso. Ni da na ga iskar farkon damina iri-iri, wadda ke yaye kwano ta kai shi gonar wani, ban taɓa jin irin wannan ba. Ba bugawa take ta tsaya ba, gunji ne ɗaya mai tsawo. A cikin wannan gunjin Auta ta kama hannuna ta ce, "Inna, bayana."

Na duba na ga faya ta fashe. Ma'aikatan wurin suka ce motar asibiti ba ta fita sai iska ta lafa. Muka buga wayar Injiniya, ba ta shiga. Allah ya sa cikin masu gudun akwai wata ma'aikaciyar jinya, ita da ni da Odet muka shigar da Auta ofishin shugaban makaranta. Ba zan bayyana abin da ya gudana a ɗakin nan ba, mata sun sani. Abin da zan ce kawai, akwai lokacin da jini ya yi yawa, ma'aikaciyar ta daina yi mini murmushi, ni kuma na karanta duk abin da na haddace. Kafin la'asar aka haifi mace. Sai da iska ta sassauta aka zo aka kai su asibiti, aka ƙara wa Auta jini.

Uban jaririya sai kwana biyu ya bayyana, da gemu buzu-buzu da takalmi duk laka. Ya ɗauki 'yarsa ya yi mata kiran salla a kunne, ya yi hawaye, ban hana shi wannan ba. Amma ko zama bai gama yi ba ya fara ba mu labarin ɓarnar tasha. Wai iska ta ɓamɓare fallayen ƙarfe daga jikin ƙaton ginin nan ta bar rami da babbar mota za ta shige, ruwan gishiri ya shiga ɗakin wayoyin wuta, yashin teku ya binne titi, sun tarar da kada kwance a wurin ajiye motoci. Ya ƙare da cewa alhamdu lillahi kumbon ko ƙwarzane bai yi ba. Auta ta juya fuskarta bango.

Da muka koma gida muka ga namu rabon. Rufin ɓangaren ɗakin kwanan Auta ya tafi, silin ya jiƙe ya zubo kan gado, ba wuta, naman firji ya ruɓe. Injiniya ya hau ya shimfiɗa shuɗin tamfol ya danne da katako, ya ce kada a taɓa komai sai mutumin inshora ya zo ya gani da idonsa. Duk unguwar haka ta koma, shuɗin tamfol a kan kowane gida, kowa na zaune yana jiran wani ya zo daga ofis. A ƙauyenmu idan iska ta yaye rufin mutum da yamma, kafin azahar ɗin gobe maza sun taru sun mayar masa, matan gida su dama fura, shi ke nan. A can kuwa mai guduma yana kallon mai tsani ta taga, ba mai ce wa wani ƙala.

Mai jego ta koma kwana a kujerar falo. Duk yamma sai an yi ruwa, tamfol ya tara ya zubo, ina bin ɗigo da roba da tukunya. Wankan jego kuma dole a yi. Da na ga ba wuta, ga rassan itace zube ko'ina, sai na kafa duwatsu uku a bayan gida na ɗora babbar tukunya. Ruwa bai tafasa ba na ji jiniya. Dattijon nan mai kare ne ya hango hayaƙi ya kira 'yan kwana-kwana. Suka zo da ƙatuwar mota da huluna, suka tsaya a kan murhuna suna kallo. Da Auta ta fito ta yi musu bayani, ɗayansu ya yi dariya ya ce in riƙa ajiye bokitin ruwa a kusa. Dattijon da bai taɓa amsa gaisuwata ba, ashe yana ganina sarai.

Shi kuwa Injiniya kullum yana tasha, har Asabar da Lahadi. An ce sai an toshe ramin nan kafin a fito da kumbo, kuma manyan ƙasa na jira. Idan ya dawo ya ci tuwon da na tuƙa a kan itace, zancensa ɗaya ne, yau sun ɗaga falle kaza, gobe za a kawo wata na'urar ɗaga kaya daga wata jiha. Ranar suna ma haka. Ragon ta waya aka saya, aka kawo shi a yanke cikin leda, ban ga kai ba ban ga fata ba. Mutane kaɗan suka zo daga masallacinsu, aka raɗa wa yarinya Maryam. Ana cikin cin abinci wayarsa ta yi ƙara, na ga ya shiga ya sako rigar aiki. A bakin ƙofa na tare shi. Tunda ya auri 'yata ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar.

Na ce, "Malam, wannan kumbon naku, ruwa na zuba a kansa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Inna, mun rufe shi."

"To matarka da 'yarka yana zuba a kansu. Jinin wani ne a jikin yarinyar nan, ba ka nan aka ƙara mata. Ni ban zo ƙasar nan tarar ruwa a tukunya ba."

Ya ce in yi haƙuri, ban san yadda aikin yake ba ne, idan ya nuna ƙwazo yanzu za su ɗauke shi na dindindin, duk don su yake yi. Ya durƙusa ya ce a gafarce shi, ya tashi ya tafi.

Ina jin maganar ta tsaya masa, don bayan 'yan kwanaki ya ce lallai sai ya kai ni na ga wurin. Saboda ni baƙuwar ƙasa ce, motar 'yan kallo kawai aka yarda in shiga, bayan an karɓi fasfona an laluba mayafina. Wurin fadama ce da sauro, sai bakin teku. Ginin dai ƙato ne, ban taɓa ganin irinsa ba, ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame. A gefensa ga ramin an toshe rabi, sabon ƙarfe fari tsohon ya dafe, kamar faci a tsohon zani. Mutane na lilo a jikin igiya can sama, ƙanana kamar ƙadangaru. Na ga rumfunan da iska ta murɗe, da tulin yashin da ake kwashewa daga titi. Mai yi mana bayani a mota sai cika baki take, wai daga nan ɗan Adam ya mallaki sararin sama. Na ce a raina, ku fara mallakar iskar da ke ƙasa tukuna. Kumbon kansa ba a nuna mana ba, sai hotonsa a shagon sayar da huluna. A bakin shagon muka haɗu da shugaban su Injiniya, wani jan Bature mai tumbi. Ya miƙo mini hannu na riƙe mayafina. Ya dafa kafaɗar Injiniya ya ce yaron kirki ne, ya kira shi da wani suna da ba nasa ba. Injiniya ya amsa.

Aka gama gyara, aka toshe ramin, aka sa ranar harbawa. A satin ne kamfanin ya tara waɗanda suka yi aikin, aka yi musu godiya, aka ba kowa riga mai hoton kumbo, sannan aka ce kwangila ta ƙare, za a neme su idan wata ta samu. Wanda ya kwana musu a cikin guguwa da wanda ya zo daga baya duk ɗaya. Ya dawo da rana, ya zauna a mota a ƙofar gida ya daɗe bai fito ba. Na zaci zan ji daɗi, ban ji ba. Auta ce ta fita da jaririya a kafaɗa ta ƙwanƙwasa masa gilashi.

Mutumin inshora har lokacin bai zo ba. Da safe na ji motsi a sama, na leƙa na ga Injiniya ya yaye tamfol, mijin Odet na miƙa masa katako daga ƙasa. Kwana da kwanaki yana kai, hannunsa duk ya yi kanta. Ban ce masa sannu ba, amma na riƙa aika masa kunu da ɗumi.

Ranar da aka harba kumbon yana kan rufin. Ba wanda ya gayyace shi tasha. Bayan la'asar mutanen unguwa suka fito da kujeru suna kallon gabas. Can sai ga wata wuta ta taso daga bayan itatuwa, mai haske kamar walda, tana hawa a hankali da farin hayaƙi a bayanta, ba ƙara ko kaɗan. Sai da ta yi nisa sannan rugugin ya iso, tagogi suka kama rawa, Maryam ta firgita ta tsala kuka. Maƙwabta na tafi suna ihu. Na dubi sama na ga Injiniya tsaye a kan rufi, guduma a hannu, ya bi abin da ido har ya zama ɗigo ya ɓace, bai motsa ba sai da hayaƙin ya watse. Sannan ya sauko ya zo inda nake jijjiga yarinya, idonsa ja.

Ya ce, "Inna, kun gani?"

Na ce, "Na gani. Wuta ce da hayaƙi, ga shi ta tada mini jika. Kusurwar ɗakin ka gama?"

Ya ce saura layi ɗaya. Na ce to ya yi kafin magariba, gabas ta yi baƙi. Ya ɗauki kusoshinsa ya koma sama.

Na cika arba'in ɗin Auta na ƙara kwanaki kaɗan na haɗa kayana. Har na taho bai sami wani aikin ba, yana dai nema, kuma maƙwabta biyu sun roƙe shi ya duba musu nasu rufin. Ragowar daddawa na bar wa Odet. Da safen da zan tafi filin jirgi aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na shiga yi wa Auta sallama na tarar da ita a kan gadonta, ita da 'yarta, suna barci. Na tsaya na saurara, na ɗaga kai na duba kowace kusurwa, ban ga ɗigo ba. Ban tashe ta ba sai da mota ta yi ƙaho.